Shekaru Huɗu na Aro

A Hillar Jibril, ɗaya daga cikin ƙauyukan Hausawa da ke kewaye da gonakin ban-ruwa na Suki a ƙasar Sudan, in ka ce kana neman Uzairu ɗan Abdussalami sai mutane su tsaya suna kallon juna. Amma ka ce Nashra, to ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka gidan. Nashra dai sunan labaran da ake karantawa a rediyo ne da Larabci, samarin gari suka laƙaba masa don ba ka ganinsa sai da rediyo a kunne. Bai taɓa yin fushi da sunan ba. Su ma masu tsokanar ba da mugunta suke yi ba, sai dai kaɗan ne cikinsu suka san abin da ke cin mutumin.

Abin ya faro ne tun 1990, shekarar da zazzaɓi ya ɗauke mahaifinsa. Abdussalami bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne matarsa Dije, da 'ya'ya biyar, da hawasha ɗaya, wato gonar da hukumar noma ta rubuta da sunansa, inda suke shuka auduga da dawa da gyaɗa. Uzairu ne babba, shekarunsa goma sha huɗu. Ba a ko yi sadakar arba'in ba mai duba gonaki ya aiko da saƙo: hawasha ba a rubuta ta da sunan yaro. In akwai ɗa mai shekara goma sha takwas a kawo takardarsa, in babu kuwa, akwai masu jira.

Takarda kuma? Wa aka haifa a asibiti a Hillar Jibril? A ɗaki aka haifi Uzairu, Mairo ungozoma ta yanke masa cibi. Makarantar garin ma ba ta taɓa neman takarda ba, in hannunka ya zagaya ta bisa kai ya taɓo kunne, ka isa shiga aji. Irinsu in suna son shaidar haihuwa sai su je tasnin: likita ya dube ka, ya duba haƙoranka, ya ƙiyasta shekarunka ya rubuta. Kawu Ali, ƙanen Dije, masunci a Abu Na'ama, shi ya kawo dabarar. Ya ƙare wa yaron kallo daga sama har ƙasa ya ce, "Wanga zanƙalele? Sha takwas ne mana, wa zai musa?" Tsayi kam akwai shi, na gado ne.

Su uku suka tafi asibitin. Likitan ya sa Uzairu ya buɗe baki, ya dubi haɓarsa da ko gashi ɗaya babu. Sai ya juya ga matar da ke rakuɓe a bakin ƙofa, ta ja tob, wato lulluɓin matan Sudan, ta rufe rabin fuska, ya tambaye ta da Larabci, "Ke ce uwarsa? Da gaske sha takwas ne?"

Nan fa ake yin ta. Uzairu ɗan fari ne, Dije kuwa jikar mutanen Sakkwato ce da suka yo gabas tun zamanin kakanni, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. "Kai wanga," ko "Dogo," iyakarta ke nan. A gaban mutane ko inda yake ba ta kallo. Yau ga baƙon namiji yana tambayarta ko ita ta haife shi! Ta sunkuyar da kai, ta gyaɗa shi a hankali, kuma ta san sarai abin da take gyaɗa wa kai, don akwai bakuna huɗu a gida suna jiran tuwo. Likita ya rubuta: ɗaya ga Janairu, 1972.

Hawasha ta tsira. Uzairu ya shiga asibiti yana ɗan sha huɗu, ya fito yana ɗan sha takwas, har yana tsalle a hanya yana ce wa kawunsa yanzu saura a nemo masa mata. Allah sarki, yaro man kaza ne da gaske a ranar, bai san an ɗora masa kaya ba. Duk wanda ya yi tasnin kuwa ɗaya ga Janairu ake rubuta masa, saboda haka rabin mutanen Hillar Jibril rana ɗaya suke tsufa. Da safiyar sabuwar shekara sai ka ji ana gaisawa a bakin kanti, "Barkanmu da ƙarin shekara!" a kwashe da dariya. Uzairu ma ya yi wannan dariya shekara da shekaru.

Ko da yake sunansa ne a kan gonar, Dije ba ta cire shi daga makaranta ba. Ita ta shiga laka, ita ta yi tsintar auduga har yatsunta suka tsattsage, shi kuma yana kama mata in an yi hutu. Ya gama sakandare a Suki, ya tafi Madani ya yi difloma a lissafin kuɗi, ya yi hidimar ƙasa ta dole, ya dawo gida da takardunsa cikin leda da buri guda a ransa: aikin gwamnati ko na banki. Albashi a ƙarshen wata, ko ruwa ya zo gona ko bai zo ba. Ya riga ya yi wa kansa alkawari cewa ranar da ya karɓi na farko, Inna da tsintar auduga sun yi sallama ke nan.

Hanyar samun aikin kuwa hawa biyu ce. Da farko jarrabawar rubutu. Wanda ya haye sai a kira shi mu'ayana, inda zai zauna gaban manya su yi ta jefo masa tambayoyi kan halin da ƙasa da duniya ke ciki. Jihohi nawa ne a Sudan? Wa ke riƙe da ma'aikatar kuɗi? Wace yarjejeniya aka sa wa hannu a watan jiya, kuma a wane birni? Babu wani littafi guda da za ka haddace ka huta. Abin kamar tumatur ne, na yau daban, na makon jiya ya riga ya ruɓe.

To, Uzairu ya kama bita ba ji ba gani. Labaran safe ba sa wuce shi, na azahar ba sa wuce shi. Direbobin lori suna kawo masa tsofaffin jaridu daga Sinnar. Kai, ko jaridar da aka ƙunshe masa ta'amiyya, ƙosan ƙasar, a kasuwar Suki sai ya warware ta ya karanta, da mai da komai. In yana noma shi kaɗai, ka ji shi yana yi wa kansa tambaya da murya ɗaya yana amsawa da wata, har masu wucewa su leƙa su ga ko da wa yake hira.

Matsala ɗaya ita ce ruwa. In layin ban-ruwa ya zo kan hawasharsu, ba ruwansa da lokacin labarai, dole mutum ya tsaya cikin laka yana buɗe wa ruwa hanya, kuma rediyo ɗaya ya riga ya suɓuce masa ya faɗa magudana. Sai Dije ta ɗauki aikin saurare, ba wanda ya sa ta. Mata ce da ba ta taɓa shiga aji ba, Larabcin kasuwa take ji, na rediyo kuwa rabi ta kama rabi ya wuce. Amma sai ta zauna a kan gadon igiya da rediyo a cinya, ta hana kowa ko tari a tsakar gida. In ya dawo ta ajiye masa kisra, wainar dawa, da miyar kuɓewa, ta juya masa baya kamar da bango take magana.

"An sauya mai kula da kuɗi," za ta ce. "Sabon, sunanai awa na limamin Juma'a, na ubanai kuwa awa na mai injin niƙa."

"Na gane shi, Inna. Sai me?"

"Sun yi taro a wani gari, ban kama sunan ba. Ƙasar dai ta masu shayi ce."

Haka yake warware saƙon nata ɗaya bayan ɗaya, kuma galibi daidai ne. Wani lokaci ta murɗa ta faɗa tashar Hausa, ta kwaso masa labarin Kano da Yamai, shi kuma ya saurara har ƙarshe ya ce an gode, ko da yake ya san babu mai tambayarsa farashin gero a Maraɗi. Batir kuwa bai taɓa yankewa a gidan nan ba. Sukari ya ƙare, sabulu ya ƙare, amma batir, ina! Ba ta taɓa buɗe baki ta ce masa tana nadamar ranar tasnin ba. Batir dai take saye.

Karon farko da ya zauna jarrabawa Turanci ya kayar da shi. Karo na biyu ya ji a jikinsa ya yi abin kirki, amma gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa sun cika harabar makaranta har waje. Wata shekara ba a ma buɗe ɗaukar aiki ba. Wata kuma zazzaɓi ya kwantar da shi ranar jarrabawa. Bai taɓa kaiwa mu'ayana ba, ko sau ɗaya. Labarai kuwa ba su tsaya jiransa ba. Ya haddace jihohi ashirin da shida da manyan biranensu, aka yi sulhu da Kudu aka mai da su ashirin da biyar. Ya ƙware a lissafin dinari, aka ce an sauya kuɗi, an dawo da jine, wato fam. Kullum yana cika tulu, kullum ana zubarwa.

Abokinsa Saifuddeen, wanda suka yi aji ɗaya a Madani, ya sami aiki a wani banki a Sinnar, kuma bai manta da shi ba, yana aiko masa da jaridu sababbi. Sara, 'yar maƙwabtansu da suka yi alkawari, ta jira shi damina uku. A ta huɗu ta zo da kanta ta gaya masa ta gaji, kuma wani mai shago a Abu Na'ama ya fito. Bai ga laifinta ba. Ranar ɗaurin auren ya je ya yi fatiha, ya ci asida, ya dawo gida ya kunna rediyo. Zuciyarsa ta yi ciwo ƙwarai, amma ba wanda ya gaya wa.

A 2007 bankin su Saifuddeen ya sanar zai ɗauki ma'aikata. Sharaɗin yana nan a rubuce ƙuru-ƙuru: kada mai nema ya wuce shekara talatin da biyar. Uzairu a wurin Allah shekarunsa talatin da ɗaya, a takarda kuwa talatin da biyar cif. Shekarun aro sun cim masa. Ya san wannan ne karo na ƙarshe, Dije ma ta sani, kuma babu wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa.

Ya rubuta jarrabawar, ya kuma haye. Saifuddeen ne ya bugo waya kantin gari yana ihu, wai ya ga sunan da idonsa. Ranar nan Hillar Jibril sai ka ce an yi haihuwa. Masu kiransa Nashra su ne kan gaba wajen rungumarsa. Dije ta dafa wake da gero ta raba sadaka gida-gida, duk wadda ta ce mata "Barka, ɗanki ya ci," sai ta kau da kai ta ce ita ba ta san zancen da ake ba.

Aka sa ranar mu'ayana cikin damina. Sai ruwa ya yi ɓarna a shekarar, hanyoyi suka yanke, manyan da za su zo daga Hartum ba su zo ba. Aka ɗaga zuwa bayan kaka. Da kaka ta wuce aka ce ai Babbar Salla ta matso, a bari a yi layya. Bayan salla aka aiko da sabuwar rana: makon farko na sabuwar shekara.

Da safiyar ɗaya ga Janairu Uzairu ya fita sayen batir. Daga nesa ya jiyo su a bakin kanti, "Barkanmu da ƙarin shekara!" Da suka hango shi kowa ya yi tsit, wani ya shiga gyaran hula. Wannan shirun ya fi masa zafi a kan dariyar. Ya buga wa Saifuddeen waya.

"Ka zo kawai," in ji Saifuddeen. "Ka nema kana cikin sharaɗi, ɗagawar kuma ba kai ka yi ta ba. In sha Allah za su duba."

Ana gobe tafiya Dije ta ce, tana fuskantar murhu, "Kai wanga, idona na yi mini ƙaiƙayi. Zan bi ka Sinnar in ga likita."

Idonta lafiyarsa ƙalau, zaren allura ma ita ke zura wa maƙwabta.

Harabar bankin cike take da samari da 'yan mata, kowa da riga a goge, wasu ba su daɗe da gama makaranta ba. Dije ta sami gindin bishiya ta zauna nesa da shi, kamar ba tare suka zo ba. A bakin ƙofar ɗakin mu'ayana akwai tebur, da wani magatakarda mai furfura yana karɓar takardu. Da layi ya zo kan Uzairu, mutumin ya duba, ya sake dubawa, ya ɗaga ido.

"Saba'in da biyu?"

"Na nema tun ina cikin sharaɗi, ya ustaz. Ku kuka ɗaga."

Magatakardan ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Ya tashi ya shiga ciki da takardar, ya jima, ya fito yana girgiza kai. "Ma'alesh, ka yi haƙuri. Sun ce da ranar mu'ayana ake lissafi. Talatin da shida."

Uzairu ya dafa tebur. Abin da ya fito daga bakinsa shi kansa bai shirya shi ba. "To ku bar ni in shiga ko ba za ku ɗauke ni ba. Tambaya ɗaya kawai ku yi mini. Ɗaya, don Allah."

"Ba a yin haka, ɗan'uwa. Na bayanka ya matso."

Sai ga Dije tsaye a gefensa. Bai ga lokacin da ta taso ba. Ta saki tob ɗin da take rufe baki da shi, ta dubi magatakardan ido cikin ido, matar da ko mai awon auduga ba ta taɓa kallo a fuska ba. Da Larabcinta na kasuwa, Hausa tana kutso kai, ta ce da ƙarfi har na ƙarshen layi suka ji:

"Ni na haife shi. Uzairu ɗana ne, shi ne na fari. Ranin da rumbun liman ya ƙone na haife shi, Mairo da ta yanke cibi tana nan da ranta, ku aika a tambaye ta. Shekara huɗu ƙarya ce, don gona muka yi, ni na gyaɗa wa likita kai. In kamu ne ku kama ni. Shi ku bar shi ya shiga."

Wasu 'yan samari suka fara dariya, wata yarinya a layin ta harare su suka yi shiru. Uzairu kuwa ba aikin ne a ransa ba a wannan lokaci. Sunansa ya ji a bakin uwarsa, karon farko tun da ya zo duniya, kuma a tsakiyar baƙi, tana tsaye fuska a buɗe. Ya san abin da wannan ya ci mata. Tausayinta ya kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

Magatakardan ya miƙe tsaye, ya jawo mata kujerarsa. "Wallahi na yarda da ke, ya hajja. Amma ni takarda aka ce in duba. Gyaranta sai kotu, mu kuwa yau muke rufewa."

Saifuddeen ya fito da gudu daga wurin aikinsa, ya shiga ciki, ya yi roƙo, ya fito idonsa jajawur. Ya riƙe hannun Uzairu. Dije ba ta zauna a kujerar ba. Ta ja tob ɗinta ta mai da shi yadda yake, ta yi gaba zuwa tasha, ɗanta na biye. Ba wanda ya tuna da likitan ido.

A cikin motar Suki suka zauna kujera ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba. Da motar ta hau kan madatsar ruwa, Dije tana kallon kogi ta taga, sai ta ce, "Wagga madatsa, yaushe aka gama ta?"

Ya dube ta. Fuskarta tana waje.

"Inna, bari kawai."

"Na ce yaushe aka gama ta?"

Ashe duk shekarun nan da yake yi wa kansa tambayoyi a tsakar gida, tana kwashewa. Uzairu ya gyara zama, ya miƙe baya, ya ɗora hannu biyu a gwiwa kamar yadda ya daɗe yana gwadawa, ya amsa da Larabcin rediyo. "A shekarar 1925."

"Jihohi nawa ne a ƙasar?"

"Ashirin da biyar."

"Jine ɗaya, dinari nawa ne?"

"Ɗari."

Ta ci gaba da jefowa, yana amsawa, hawaye na zuba a kan farar rigar da ƙanwarsa ta goge masa. Fasinjoji suka bar hirarsu, direba ya rage waƙar da ya sa. Ba ta gaji ba, shi ma bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har gonakin Suki suka bayyana, auduga ta yi fari tas tana jiran masu tsinta. Nan tambayoyinta suka ƙare. Ta juyo ta kalle shi sosai.

"Ka ci, Uzairu," ta ce.

Washegari layin ruwa ya zo kan hawasharsu, ya ɗauki fartanya ya fita. Dije ba ta sake kama sunan ba har ta koma ga Allah bayan damina biyu, kuma har kakar ƙarshe ta rayuwarta tana tsintar auduga. Uzairu yana nan a Hillar Jibril yana noman gonar da aka saya da shekarunsa. Har yau Nashra ake kiransa, shi ma ya fi son haka. Ɗayan sunan sau biyu ya ji shi a bakin Inna, ba ya kuma son a yawaita taɓa shi.